Tankari Mai Horar da Itace

Tankari ya ce zai horar da itace. A gabana ya faɗa, a shagon abincin Zalika, bakinsa cike da shinkafa. Ba wanda ya ɗaga kai. Duk wanda ya zauna a unguwar Dengfeng ya san Tankari. Shi ne ya ce ya koyi yaren Sin cikin kwana tara. Shekara uku ke nan, kalma huɗu ya sani, biyu daga ciki gaisuwa ce.

Bagobiri ne daga Tibiri, dogo, mai faɗin murya. Aikinsa wakilci. Alhaji Maidaji na Maraɗi ne ya ajiye shi a Guangzhou, ya riƙa saya masa kaya yana lodawa a kwantena. Ni kuma ɗaurin kaya nake yi, shekara goma sha shida a garin nan, saboda haka duk abin da Tankari ya saya ta hannuna yake bi. Na ga abubuwa.

Na baya-bayan nan shi ne fanka. Alhaji ya ce a aika masa fanka ta tsaye kafin bazara. Tankari ya samo wasu masu araha, ya cika rabin kwantena. Na ce masa, "Wannan fankar ba ta da fukafuki." Ya ce, "Baba Kallamu, sabon yayi ne, kai zamani ya wuce ka." Kaya suka isa Maraɗi zafi na farawa. Aka kunna ɗaya a shagon Alhaji, sai ta yi ja kamar garwashi. Ashe abin ɗumama ɗaki ne da Sinawa ke kunnawa lokacin sanyi, siffa ce kawai ta fanka. An ce Alhaji ya tsaya gabanta yana jiran iska har gemunsa ya fara ƙauri.

Da Alhaji ya zo baje kolin Pazhou na bazara bai yi faɗa ba. Shi ba ya faɗa. Ya zaunar da Tankari ya ce, "Zan dawo baje kolin kaka, wata shida ke nan. Ka nuna mini abu guda da ka yi da kanka wanda zai amfane ni. Guda tak. In babu, ka bi ni gida ka tsare sito, in aje wani nan."

Ba abin da Tankari ke tsoro kamar komawa gida. A Tibiri Tankari na China ake kiransa. Hotonsa a gaban dogayen benaye yana cikin wayar kowace gwaggo tasa. Ya koma ya zauna ƙofar sito yana korar ƙuda? Ya ce gara a binne shi a cikin kwantena.

Mako biyu da tafiyar Alhaji ya ja ni kasuwar furanni ta Fangcun, wai in taya shi ɗauko kaya. A can ya nuna mini itacen. Guntu ne, bai wuce ƙuguna ba. Ganyensa kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Furensa fari. Ƙamshinsa kuwa ban taɓa jin irinsa ba, sai dai ya ɗan tuna mini da furen gauɗe bayan ruwan fari. Akwai 'ya'ya a jiki, jajaye, kamar girman kanya. Mai sayarwa ya tsinko mana ɗai-ɗai. Zaƙi da ɗan tsami. Gaskiya abin ya yi daɗi.

"Gauɗen kurmi," in ji Tankari. "Ni na raɗa mashi suna yanzu. Baba, duba nan. Fure a sayar wa masu turare. 'Ya'ya a kai kasuwa. Ganye a ba dabbobi. In cika gonar Alhaji da shi. Shekara biyu, sai ka ji ana kiran Maraɗi garin ƙamshi."

Mai sayarwa ya yi dogon bayani. Ni ina jin yaren kasuwa daidai gwargwado. Ya ce daga kurmin tsibirin Hainan aka kawo shi, inda rana ba ta taɓa ƙasa saboda duhun itatuwa. Yana son inuwa, yana son ruwa kullum, yana son baƙar ƙasa mai laima. Rana mai zafi kashe shi take.

Na gaya wa Tankari.

"Shagwaɓa ce," ya ce. "Gata ya lalata shi. Raƙumi da kanshi ya koyi ƙishirwa? Horo anka yi mashi. Mu Gobirawa mun horar da doki, mun horar da 'yan kokawa. Itace zai gagare mu?"

Ya sayi tukunya talatin.

Gidanmu hawa bakwai ne, ba na'urar hawa. Na ɗauki biyu na ce bayana ya ƙi. Shi ya hau da sauran, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa tun da aka haife shi bai san abin da ake kira nauyi ba. A hawa na biyar na same shi zaune, ya rungumi tukunya, yana huci kamar zugazugin maƙera. Ya ce ƙamshi yake shaƙa.

Rufin gidan fili ne na siminti. Mai gidan tsohuwa ce 'yar garin, muna kiranta Ayi, wato inna. A can take shanya barguna da ɓawon lemo, wanda suke ajiyewa shekara da shekaru suna sawa a miya. Ta hawo ta ga itatuwa, ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗaga babban yatsa. Ta yarda.

Damina ta sauka. A Guangzhou ruwa ba ya sallama. Itatuwan suka samu abin da suke so. Cikin wata guda suka yi fure gaba ɗaya. Ƙamshi ya biyo matattakala har shagon Zalika a ƙasa, masu cin abinci suna tambayarta wane turaren wuta ta sa. 'Yan canji da masu shagon waya suka riƙa hawowa kallo. Ayi ta kawo ƙawayenta suka ɗauki hoto. Da Tankari ya naɗe hannunsa ya bar su haka, da yanzu yana nan, ni kuma ba ni da labari.

Sai ya ce lokacin horo ya yi. Ranar ce ya yi maganar da bakinsa cike da shinkafa.

Zalika Bazabarma ce daga Yamai. Tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa tun kaka da kakanni, saboda haka duk abin da ya zo bakinta take gaya masa, ba shi da ikon fushi.

"Darasi na farko ƙishirwa," ya ce. "A Maraɗi wata takwas ba ɗigo. Dole su saba tun nan."

"Bawana," ta ce, "Allah ya aiko da ruwa kyauta, kai za ka ce a mayar?"

"Ke dafa wake kika sani. Wanga ilimi ne."

"Ilimi irin na fanka?"

"Fanka kuskuren masu masana'anta ne."

"Da hankali ake tsagawa a kunci, da ka fi kowa a China. Ci abincinka."

Ya sayo tamfol shuɗi, ya kafa shi da gora, ya rufe itatuwan kaf. Kwana uku iska ta zo, ta ɗauke tamfol da gora biyu, ta tsallake titi da su, ta kifa su a barandar gidan da ke fuskantarmu. Akwai wani tsoho a barandar yana shan shayi da tsuntsunsa a keji. Duk ta rufe su. Tankari ya tafi karɓowa da kalmominsa huɗu. Daga rufinmu muna jin muryar tsohon. Ta Tankari ba mu ji ba. Ya dawo da tamfol a kafaɗa, ya ce, "Mun fahimci juna. Ya ce bai taɓa ganin tamfol mai kyau irin wanga ba." Akwai ganyen shayi a hularsa.

Ya sake kafawa, wannan karon da igiyar ɗaurin kayana. Bai tambaye ni ba.

Darasi na biyu ƙasa. Ya ce baƙar ƙasar nan ta ragwaye ce, gonar Alhaji jigawa ce. Ya je inda ake gini ya yi ciniki da mai gadi, ya hau da rairayi bokiti tamanin. Ya zazzage baƙar ƙasar, ya dasa itatuwan a rairayi. Abin da ya rage ya baza shi a ƙasan rufin, wai su riƙa ganin gida. Ruwa ya zo ya kwashi rairayin ya cusa a bututun da ke sauke ruwa. Bututu ya toshe. Rufi ya zama tafki.

Ɗakina shi ne a ƙarƙashin rufin. Na dawo daga aiki da la'asar na tarar silin yana zuba a kan katifata. Na hau. Na same shi tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya riƙe lema a kan wata tukunya da ke gefen tamfol, kada yayyafi ya ɓata mata karatu.

Na ce, "Katifata ta jiƙe."

Ya ce, "Baba, duk babban aiki sai da sadaukarwa."

Na ce, "Kawo taka."

Ya kawo. Wata guda ya yi yana kwana a kan kwali, yana gaya wa mutane likitocin Sin sun ce shi ne maganin ciwon baya.

Darasi na uku taki. Ba kowane taki ba, kashin awaki, don shi za su ci a Maraɗi. Ya bi mahaucin da ke kawo wa Zalika nama har gonar da ake ajiye dabbobi a bayan gari, ya cika buhu. Da zai dawo sai ya nufi jirgin ƙarƙashin ƙasa. A ƙofar kowace tasha sai an sa kaya a na'urar bincike. Ma'aikaciya ta duba allo ta ga ƙananan ƙwallaye dubu, ta ce a buɗe. Aka buɗe. Ta ɗauki ɗaya da safar hannu tana juyawa, tana tambayarsa mene ne. Tankari ba shi da akuya a cikin kalmominsa huɗu. Sai ya ɗora yatsu biyu a ka, ya yi kuka "meee", ya juya baya ya nuna mata inda abin ke fitowa.

Ban je ba, amma na gani. Wani ya ɗauka da waya. Kafin ya iso gida da ƙafa, da buhu a ka, duk Dengfeng ta gani. Zalika ta kunna masa a ƙofar shago, ta ƙara murya.

"Bawana, ashe kalmominka sun zama biyar."

"Sun yi mamakin hikimata ne."

"Sake yi mana, akwai baƙi ba su gani ba."

Kashin akuya a Maraɗi bushewa yake ya zama kamar tsakuwa. A Guangzhou iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Kwana biyu ya kumbura, ya yi gashi, ya fara magana. Ƙudan da ban san akwai su a China ba suka zo da iyalansu. Masu cin abinci suka daina tambayar turare. Ayi ta hawo ta shinshina ɓawon lemonta na shekara uku, ta dubi Tankari, ta kwashe kayanta ta sauka. Ya bi ta yana "nihaw, nihaw". Daga ranar ba ta sake amsa gaisuwarsa ba.

Fure ya zube. Ganye ya fara rawaya daga gefe.

Na ce, "Suna mutuwa."

Ya ce, "Suna tunani. Ɗan kokawa ma in ya shiga horo sai ya rame."

Darasi na huɗu rana. Watan Agusta ne, lokacin da riga ke manne wa mutum a baya tun kafin ya fita ƙofa. Tankari ya ce wannan ba zafi ba ne, tururi ne. Zafin Maraɗi busasshe ne, shi ke raba namiji da rago. Akwai fanka goma sha biyu daga cikin na Alhaji da kwantena ba ta ɗauka ba, suna jibge a ɗakinsa. Ya hau da su, ya jera su kewaye da itatuwan, ya jawo waya ta taga, ya haɗa su duka a soket ɗaya.

"Ka gani, Baba? Da ban sayi waɗanga ba, da mi zan yi yau? Komi nawa da lissafin gaba."

Ya kunna. Suka yi ja. Minti biyar suka yi suna ci, sannan wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, daga hawa na bakwai har firijin Zalika, mai naman rago biyu a ciki.

Mace mai jiki ce Zalika, ba ta son matattakala. Ranar ta hawo bakwai ɗin ba ta tsaya ba, da muciya a hannu.

"Ina Bagobirin?"

Yana bayan tankin ruwa. Ya ce yana duba waya.

"Fito in horar da kai. Darasi ɗaya gare ni."

"Ƙanwata, tsaya ki ji bayani."

"Ƙanwar wa? Uwar ɗakinka. In naman nan ya lalace kai zan yanka in soya, ko da yake ba mai sayen naman da ba ƙwaƙwalwa."

Suka zagaya tankin sau uku. Ban raba ba. Ayi ta zo da mai gyaran wuta. Mutumin ya dubi fankokin, ya dubi rana a sama, ya dubi Tankari, ya daɗe yana dubansa. Ya ɗaga yatsu huɗu, ma'ana kada a kunna fiye da huɗu. Tankari ya ce mutumin jinjina yake masa. Amma huɗu-huɗu ya riƙa kunnawa, yana juya su kamar mai gashin tsire.

Ƙarshen Satumba horo ya kammala. Sanduna talatin a tsaye cikin rairayi. Ba ganye ko ɗaya. Zalika ta hawo ta karya guda, ta ce ko asuwaki ba za a yi da shi ba.

Saura kwana ashirin Alhaji ya zo. Na ce masa, "Koma Fangcun ka sayo sababbi. Ka nuna wa Alhaji itace mai kyau, ka gaya masa gaskiya." Rabin maganar ya ɗauka. Ya koma Fangcun. Mai sayarwa ya ce "meyo", babu, lokacinsu ya wuce sai baɗi.

Daga can bai zo gida ba. Ya wuce kasuwar da ake sayar da furannin roba, irin na adon ɗakin amare. Ya dawo da kwali uku: ganye, fararen furanni, jajayen 'ya'ya. Kwana huɗu yana ɗaure su a jikin sandunan da baƙin zare. In faɗi gaskiya, sun fi na asali kyau. A tukwane biyu na gaba ya ɗaura 'ya'yan itace na gaske, wasu jajaye masu kama da na itacen, da ya samo wajen masu kayan marmari. Ya kwashe kashin awakin da ya fi magana, ya fesa turare kwalba biyu.

Na ce, "Ba ruwana."

"Baba, kai dai ka yi shiru."

"Shiru ba ya mini wuya."

Ranar Juma'a ya sa, bayan an sauko daga masallaci. Bai gayyaci Alhaji shi kaɗai ba, don Tankari ba ya yin abu a ɓoye sai gaskiya. Ya gayyaci 'yan kasuwa uku da suka zo tare da Alhaji, da 'yan canji, da masu shagon waya. Zalika ta rufe shago ta hawo, ta ce ko kuɗi ake biya sai ta kalla. Ayi ma ta zo ta tsaya gefe, ta harɗe hannu.

Kwana biyu kafin nan an yi ruwa mai yawa. Igiyata ba ta tsinkewa, saboda haka tamfol bai tashi ba, sai ya tara ruwan. Tumbinsa ya sauko kamar na saniya mai shirin haihuwa. Tankari yana cikin babbar riga mai aiki, yana bitar jawabi.

Na ce, "Tankari, tamfol."

"Ba yanzu ba, Baba."

Na koma bakin ƙofa na tsaya.

Alhaji ya hawo yana haki, shadda fara ƙal. Aka ba shi kujera a tsakiya, daidai ƙarƙashin tumbin. Tankari ya gyara murya.

"Alhaji, manyan baƙi, 'yan uwa. Abin da za ku gani yau Sinawa da iliminsu sun kasa shi. Wanga itace ɗan kurmi ne. Da na same shi, in bai sha ruwa ba da safe, kafin azahar ya suma. Wata biyar na yi ina horonshi. Yau ba ya neman ruwa. Ba ya neman inuwa. Ba ya neman komi."

"Wannan gaskiya ne," in ji Zalika.

Ɗaya daga cikin baƙin, Alhaji Mahamadou, mai fataucin turare ne daga Yamai. Ya ɗaga hanci ya ce, "Ƙamshin nan kamar na san shi. Jiya na sayi katan hamsin irinsa."

"Daga wanga fure ake yin shi!" in ji Tankari. "Kun gani? Kasuwa tana nan tun kafin mu shuka."

Ya tsinko daga tukunyar gaba, ya ɓoye zaren a tafin hannu, ya miƙa wa Alhaji Maidaji. Alhaji ya tauna. Ya ce, "Ba laifi."

Tankari ya dube ni, ya ɗaga gira.

Amma Alhaji Maidaji shekara arba'in yana sayen kaya, bai taɓa yarda da na saman buhu ba. In ka kawo masa katan ɗari, na ƙasa can ƙurya zai ce a buɗe. Kowa ya san haka. Tankari ma ya sani, sai dai bai taɓa sa abin da ya sani a cikin lissafinsa ba. Alhaji ya miƙe, ya ratsa tsakanin tukwane, ya je layin ƙarshe. Ya kama ɗa guda ya ja. Bai tsinke ba. Ya ƙara ja. Ya taho da zare kamu ɗaya a bayansa. Alhaji ya sa a baki ya ciza.

Ƙas!

Ya fito da shi, ya taɓa haƙorinsa da yatsa, ya ce, "Wanga bai nuna ba?"

"Na baya sun fi shan horo, Alhaji. Sun yi tauri. Ko shekara sunka yi a hanya ba su ruɓa."

"Zaren fa?"

"Jijiya ce."

Alhaji ya juya abin a hannu. Akwai layin haɗi a tsakiyarsa, irin na ƙwallon yara. Ya buɗe baki zai yi magana, Tankari ya riga shi.

"Yanzu babban abin! Alhaji, koma kujerarka ka ga yadda suke cin ranar Maraɗi!"

Huɗu aka ce masa. Amma gaban baƙi huɗu ba za su isa Tankari ba. Ya kunna goma sha biyun.

Suka yi ja. Minti na farko ba abin da ya faru, sai gumi da ya karyo wa kowa. Tankari ya buɗe hannuwa ya ce, "Ku duba! Ko gezau!" A minti na biyu ganyen da ke kusa da fanka ya fara lanƙwashewa. Sai ya naɗe. Sai ya ɗiga. Kore, ɗis, ɗis, a kan rairayi. Fararen furanni suka sunkuyar da kai suka zama kamar majina. Wari ya tashi irin na silifa a cikin murhu.

"Gumi suke," in ji Tankari. "Alamar lafiya ce."

Tukunyar da ta fi shan turare ta kama da wuta, fuu. Ta ba maƙwabciyarta. Masu shagon waya suka yi ƙofa, suka tarar ni na riga su. Tankari ya tuɓe babbar riga yana dukan wutar, rigar ta kama, ya jefar. Harshen wuta ya miƙe ya lashi tumbin tamfol.

Allah ya taimaka, a daidai nan wutar gidan ta ɗauke. Sannan tumbin ya fashe.

Ruwan kwana biyu ya sauko a dunƙule. Ya kashe gobarar, wannan dole a yaba masa. Ya kuma sauka a kan Alhaji da baƙinsa uku, ya ɗauke hular Alhaji Mahamadou ya kai ta bakin bututu, ya tayar da rairayi da sauran kashin awaki ya yi wa shaddar kowa ado har gwiwa. Daga hawa bakwai na ƙasa ana ta ihu da yare huɗu a kan ɗaukewar wutar lantarki. A barandar da ke fuskantarmu tsohon nan ya miƙe tsaye yana tafi.

Ayi ta yi magana mai tsawo, ba ta numfasa ba. Alhaji ya dube ni. Na ce, "Ta ce a mayar mata da rufinta yadda ta bayar da shi."

Alhaji yana zaune a kujerarsa, ruwa na bin gemunsa, ɗan robar nan yana hannunsa har yanzu. Ya dubi sandunan da suka yi baƙi. Ya dubi ƙasa.

"Tankari."

"Na'am, Alhaji."

"Rairayin ga, kai ka hau da shi?"

"Ni kaɗai, Alhaji. Bokiti tamanin."

"Kashin awakin?"

"Ni, Alhaji. A ka na ɗauko shi."

"Ka hana ruwa. Ka kawo rana."

"Duka ni." Har ƙirjinsa ya fara tasowa.

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, ni ban ga itace ba. Amma na ga Maraɗi. Ba wanda ya taɓa kawo ta China sai kai. Mutumin da ya sha wagga wahala don ya ga rairayi da kashin awaki da rana, kewar gida ke cinshi. Zalunci ne in bar ka nan. Can duk akwai su kyauta, kuma ba matattakala. Jirginmu ranar Talata."

Tankari ya zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙen rairayi.

Zalika ta matso, na ga maganar a bakinta, mai kaifi ce. Ta dubi fuskarsa, ta haɗiye. Ta ce, "Sauko ka ci abinci, bawana. Yau kyauta."

Kwana ukun da suka rage masa a China a kan matattakala ya yi su, Ayi na zaune a ƙasa bisa kujera tana kallon kowane bokiti. Ranar Litinin na gamu da shi yana saukowa, bokiti biyu na rairayi a hannu. Ya ajiye su ya tare ni.

"Baba, ka ji dai da kunnenka. Alhaji da bakinshi ya ce ba wanda ya taɓa kawo Maraɗi China sai ni. In mutanen Tibiri sunka kira ka, ka shaida."

Na ce, "Zan shaida. Yanzu dai sauke Maraɗin ƙasa."